Sunan Habi a Takarda

Cindo ya kai layi na bakwai, sai ya ɗaga yatsunsa daga kan mashin ɗin rubutu. Takardar da yake kwafa tsohuwa ce, ta wani kamfanin Faransawa da ya kwashe kayansa daga Maradi shekara biyu da suka wuce, lokacin da ƙasa ta samu 'yancin kai. Layin ya ce kowane ma'aikaci yana da konje, wato hutu, na wata uku, kuma kamfani zai sa shi a jirgin ruwa ya kai shi gida.

Ya jingina da bango ya lumshe ido. Bai taɓa ganin teku ba sai a hoton da ke bangon lakkwal, makarantar bokon da ya yi. Sai ga shi yana ganin jirgin ya shigo Dakoro a hankali ta hanyar kasuwar dabbobi, raƙuma suna ba shi hanya, leburorin Alhaji Tanimu suna tsaye a samansa da buhuna a kafaɗa, ba wanda ya san inda za a sauke su.

Cindo shi ne komi, wato akawu, a mangazar Alhaji Tanimu, inda ake tara hatsi. Makon jiya wani mai duba ma'aikata ya zo daga Maradi, ya ce duk mai ma'aikata sai ya rubuta ƙa'idojin aiki da jerin sunayensu, kuma zai dawo jibi ya gani. Alhaji ya samo tsohuwar takardar ya miƙa wa Cindo, ya ce ya canja suna kawai.

"Malam komi, barci kake?"

Samba mai gadi ne a bakin ƙofa, da sandarsa.

"A'a, Baba Samba. Dokar hutu nake rubutawa."

"To ka rubuta damina. In ruwa ya sauka, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, mutanenka gona za su. Gara ya zama da izini, kowa ya tafi ba a ɓoye ba, ya dawo ba da kunya ba."

Cindo ya zare takardar, ya sa sabuwa. Ya cire jirgin, ya sa kwana goma na shuka da kwana goma na girbi, rabi su tafi rabi su jira. Ya ƙara cewa wanda ciwo ya kwantar, za a ajiye masa gurbinsa har wata uku.

Da zafin biro, ɗakin da yake rubutu, ya ishe shi, ya zagaya bayan mangaza. Mata shida suna shiƙa a can kamar kullum. Suna ɗaga ƙwarya sama, gero yana zuba, iska tana kwashe ƙaiƙayi cikin hasken rana. Ya daɗe yana kallo. Tun yana ƙarami yake jin wannan ƙarar, har ya daina lura da ita.

"Ɗana, an ce kana rubuta sunayen masu aiki," in ji Habi, wadda ta girme su duka, ba tare da ta sauke ƙwaryarta ba.

"Haka ne, Inna Habi."

"Mutum nawa?"

"Goma sha huɗu."

"Da mu?"

Jerin yana aljihun Cindo: direban kamiyon da ke ɗaukar hatsi, masu awo biyu, leburori, Samba, da shi kansa. Bai yi niyyar cire kowa ba. Matan ne ba su zo masa a rai ba sam.

Habi ta ce, "Shekara goma sha tara ina nan. Bara da tari ya kwantar da ni wata biyu, na dawo na iske wata a wurina. Sai da kaka ta yi aka neme ni."

Bayan la'asar ya samu Alhaji a rumfa yana jan tasbaha. Alhaji ba ya karanta Faransanci. Cindo ya san zai iya ƙara sunayen shida, Alhaji ya sa hannu bai sani ba. Ya yi wannan tunanin tun daga bayan mangaza har bakin rumfa. Da ya durƙusa, sai ya karanta komai da Hausa, layi bayan layi, har da abin da yake son ƙarawa.

Alhaji ya yarda da hutun damina ba musu. Maganar ciwo ma ya gyaɗa kai. A kan mata ne ya ajiye tasbaha.

"Cindo, waɗannan ai matan mutane ne. In na sa su a takardar gwamnati, gobe mazansu za su zo nan su ce na mai da iyalinsu leburori. Wani ma zai ce haraji za a ɗora masu."

"Alhaji, in ba su shiƙa ba, ba buhun da zai hau kamiyo."

Alhaji ya juya ya kalli titi. Can ya ce, "Je ka tambaye su. Wadda ta yarda, kuma gidanta ya yarda, ka rubuta. Amma kar ka lallashi kowa."

Ya koma ya faɗa masu. Rabi'atu ta yi dariya ta rufe fuska da gefen zane. Halimatu ta ce sai ta ji daga bakin maigida. Sauran ukun suka ce a bar su yadda suke, takarda ba ta taɓa kawo masu alheri ba.

"Ni ba ni da wanda zan tambaya," in ji Habi. "Wanda zan tambaya yana maƙabarta shekara takwas. Rubuta."

Cindo ya shiga biro ya buga lamba goma sha biyar, ya buga sunan. Harafi huɗu ne kawai, amma ya buga su ɗaya bayan ɗaya, yana jin ƙarar kowanne. Alhaji ya sa hannu da ajami a ƙasa.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya fito da takardar. Sauran matan suna kaɗe zannuwa. Habi ta goge hannu a jikinta, ta ce ya nuna mata. Ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, ƙaiƙayi a gashin idonta.

"Ɗan wannan ne ni?"

"Shi ne, Inna."

Rabi'atu ta matso ta leƙa ta bayan kafaɗarta, ba ta yi dariya ba wannan karon. Habi ta miƙe, ta ɗauki ƙwaryarta, ta ciko ta da geron da ya rage.

"To, matsa can, ɗana," ta ce. "Ka tare mini iska."