Yatsu Biyu a Maƙogwaro

"Sake faɗa," in ji Malama, da muryar nan tata da ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Wokid."

"Kayya! Wa ya aike ki ki ƙara masa wutsiya? Wokt. Datse shi za ki yi."

Ta kamo yatsuna biyu ta ɗora min a maƙogwaro. Haka take koyar da Turanci tun kafin ta yi ritaya. In za ka faɗi aikin da ya wuce, ka saurari ƙarshen kalmar da yatsa: maƙogwaro ya yi rawa, ka rufe da "d", ya yi shiru, ka rufe da "t". Ni kuwa kowace kalma sai na liƙa mata "id".

Ƙofarta na kallon tawa. A otal nake wankin zannuwan gado, sabulu ya gama cinye min hannu. Na nemi a mayar da ni teburin karɓar baƙi, na faɗi gwajin baka na Turanci, suka ce saura dama ɗaya.

Ciwon Malama a maƙogwaron yake, likita ya hana ta magana. 'Yarta ta tare ni a tsakar gida.

"Yaya, don Allah ki bar Mama ta huta."

Malama ta jiyo daga ɗaki. "Muryar tafiya zan yi da ita? Ke, ba ta hanya."

Na shiga, amma wallahi raina bai so ba. Duk kalmar da ta gyara min, sai ta yi tari a tsumma ta tura shi ƙarƙashin filo.

Da muryar ta ɗauke gaba ɗaya, sai ta koma ɗora nata yatsun a wuyana. In na faɗi daidai, ta ɗan ƙwanƙwasa. In na yi wutsiya, ta ja min kunne, da girmana da 'ya'yana.

Ranar gwajin na dawo da la'asar, na tarar da takalma jibge a ƙofarta. Na ƙarasa da sauri.

"Shiga," in ji 'yarta, idonta jajur. "Tun safe ƙofa take kallo."

Na durƙusa a bakin gado. "Malama, sun ɗauke ni."

Ban ga alamar ta ji ba. Sai na ɗago hannunta, ba nauyi ko kaɗan, na ɗora yatsun a maƙogwarona. Kuka na cina, na daure na shiga jero kalmomin da muka sha fama da su, ɗaya bayan ɗaya, har na zo kan waccan.

"Wokt."

Yatsan ya motsa, ya ƙwanƙwasa a hankali. Daga nan hannun ya zame ya sauka a cinyata.

Na kai yatsuna biyu wuyanta, na jira, ba ko motsi. Fankar sama na ta juyawa, tana ɗaga gefen labule.