Rabin Darasin Baba

Babanmu malamin Turanci ne, kuma da ya yi ritaya bai daina koyarwa ba, aji kawai ya canja. Ni da ƙanwata ya mayar ɗalibai, teburin cin abinci ya zama allo. Ba ka isa ka ce a miƙo maka gishiri ba tare da an gyara maka jimla ba. Mama, Allah Ya jiƙanta, takan ce ita ƙamus ta aura, ƙamus mai tari.

Cikin darussansa akwai wanda ƙanwata ta jawo mana. Yarinyar nan tun tana rarrafe ba ta san "a hankali" ba. Ta fasa kofuna, ta fasa madubin Mama, ta taɓa zuwa makaranta da takalmi ƙafa ɗaya nata, ƙafa ɗaya nawa. Ranar da ta yi karo da Baba a bakin ƙofa ta juye masa shayi a farar rigarsa, bai yi faɗa ba. Zaunar da mu ya yi, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Turawa suna da kalmomi biyu," ya ce, yana goge ƙirjinsa da tsumma. "Akwai hurry, akwai rush. Duk sauri ne, amma ba uwarsu ɗaya ba. Mai hurry ya san inda za shi, ya ɗaga ƙafa, hankalinsa na jikinsa. Mai rush kuwa ƙafarsa ta riga kansa fita, kamar ruwan da ya fasa bututu, abin da ya tarar ya kwashe. To, ke wanne kike yi?"

"Na biyun, Baba," ta ce tana dariya. Sai ta jiyo muryar ƙawayenta a waje, kafin ya sake buɗe baki ta fice a guje.

Ni da ba ni da wurin zuwa na zauna na sha ragowar. Baba ya ce wuri ɗaya ne rush ya fi hurry daraja, wato inda ake ceton rai. "Ba wanda zai ce an yi hurry da mara lafiya zuwa asibiti," ya ce. "Rush ake yi da shi. A bar takalmi, a bar ƙofa a buɗe." Ya dubi kujerar da ta bari, ya ce wata rana zai ƙarasa mata. Bai taɓa samunta a zaune ba.

Daga ranar ya raɗa mata suna Rush. Maƙwabta suka murɗe shi ya koma Roshi, ya bi ta har jami'a.

Wasa ne, har ranar da ya daina zama wasa. Tana tsakiyar karatu ta ji ana ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin haɗa magunguna a wani gari, ta tattara kayanta a yini guda. Baba ya tsaya a ƙofar nan da ta taɓa yi masa wanka da shayi, ya ce, "Ke har ki mutu ba za ki iya hurry ba." Babu dariya a muryarsa. Ta sa kai ta wuce, jakarta ko zugewa ba ta yi ba.

Shekaru suka yi ba su yi wata maganar kirki ba. Ni suka mayar gada. Ita ta kira ta ce, "Yaya, ki gaishe shi." Shi ya ce, "Kin ji daga waccan?" yana kallon jarida kamar ba shi ya tambaya ba. Taurin kansu iri ɗaya ne sak, kuma na gaji da su duka biyun, na faɗa musu, ba wanda ya ji.

Amma aikin ya canja ta. A wurinsu kuskure ɗaya ya isa a sallami mutum, kuma ko waya ba a shiga da ita, a loka ake kullewa sai an fito hutu. "Yaya, yanzu ko cokali ba na yarwa," takan ce mini. "Ranar da zan dawo gida, a natse zan shigo, kayana a ninke. Sai Baba ya janye maganarsa da bakinsa."

Bakin ne ya fara tafiya. Wata safiya na tsince shi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A asibiti, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane magana ya koma sai ya yi gumi kafin kalma ɗaya ta fito. Abin ya fi komai ƙona mini rai. Na gaya wa ƙanwata, na kuma gaya mata abin da likita ya ce, wai jikin ya tsaya, ba ya gaba ba ya baya. Ta ce za ta nemi izini ta zo ƙarshen mako.

Ana haka, wani hantsi ya dinga nuna wayata da hannunsa mai lafiya. Na kira ta, na yi sa'a tana hutu. Na kara masa a kunne, na buɗe muryar don in ji. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta miƙe, sannan ya ce:

"Rush."

Na ji ta ja numfashi, sai kuka. "Na'am, Baba. Ni ce."

"Rush," ya sake cewa.

"Na ji, Baba. Zan zo. Amma ba Rush ɗin da ka sani za ka gani ba, za ka sha mamaki." Sai ta ce da ni, "Yaya, kin ji? Sunana ya kira! Ba zan jira ƙarshen mako ba. Bari in tashi aiki, in miƙa komai yadda ya kamata, yau zan taho. An buga ƙararrawa, sai na zo."

Ni ma murmushi nake yi, ina share hawaye da bakin mayafi. Na ce, "To Baba, ka huta, ta ji ka." Bai huta ba. Hannunsa ya dinga bugun ƙarfen gado, idonsa a kan ƙofa, yana maimaita kalmar har ta koma iska kawai. Na ɗauka ɗoki ne. Nas ta shigo auna jini, ta dubi na'urar, ta dubi fuskarsa. Ta saki abin awon a kan gado ta fita a guje, ta bar ƙofa a buɗe.

Ƙofar nan na tsaya ina kallo, sai na tuna ragowar darasin nan. Ba sunanta yake kira ba. Malamin Turanci ne, ya san kalma ɗaya kawai ta rage masa, ya zaɓi wadda ta dace.

Na kira wayarta, a kashe. Na kira kamfanin, wani mutum mai sanyin murya ya ce ba a fito da ma'aikaci daga ɗakin haɗi sai da izinin shugaban sashe, shi kuma yana taro. Na roƙe shi, na zage shi, na sake roƙonsa. Ya ce zai isar da saƙo. Tafiyar ba ta da wani nisa, da ta fito a lokacin nan, da ta same shi da ransa, har da saura.

Rana ta karkato kan tagar ɗakin lokacin da hannunsa ya daina bugun ƙarfen. Idonsa na kan ƙofa har ƙarshe, ni na rufe masa.

Da ta tashi aiki ta kira, tana cewa ta ga kirana da yawa, lafiya? Na kasa faɗa mata tana shirin hawa mota. Na ce, "Ki taho kawai."

An fara kunna fitilun asibiti na hango ta a dogon barandan. Ban taɓa ganinta haka ba. Tana ɗaga ƙafa da sauri amma ba gudu take ba, jakarta a zuge, takalmanta iri ɗaya. Har kaucewa ta yi wa wani mai tura gado. Da Baba ya ga tafiyar nan, da ya ba ta maki cikakke.

Ta shigo ta ga katifa babu zanin gado. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a bakin gadon, ta buɗe jakar, ta ciro farar riga sabuwa a ledarta. Ashe sai da ta biya kanti ta zaɓo masa, a madadin wadda ta ɓata da shayi. Ta ɗora ta a cinya tana shafawa.

"Na so ya ga ban yi rush ba," ta ce. Can ta ɗago, idonta jajir. "Yaya, ke kina wurin. Sunana ya kira, ko? Har sau biyu. Ya huce ke nan, ko?"

Ragowar darasin na nan a bakina, ni kaɗai na rage a duniya da na san shi. Na dubi rigar da ke cinyarta.

"Sunanki ya kira," na ce.