Ɗumin Ƙirjin Maikano

A daminar shekarar da soja suka koma bariki aka yi wa Maikano haihuwar fari, hotunan 'yan takara ma ba su gama ɓallewa daga katangun Wudil ba. Matarsa Hansai ta haifi bakwaini, 'yar mace, wadda in aka ɗora ta a tafin hannun ubanta sai a sami ragowar wuri.

Maikano mai haƙar yashi ne a kogi, ƙato, ba ya dariya sai da dalili. Ga shi ɗan gidan kunya. A danginsu uba ba ya ɗaukar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, in an ce "ga yaronka" sai ya kalli rufin ɗaki. Ranar haihuwar ya tsaya a zauren surukansa ya ce, "An sauka lafiya?" kamar mai tambayar akuyar maƙwabta, ya koma bakin ruwa. Sai dai ran nan sau biyu yana cika kwalekwale ya manta inda zai sauke.

A kwana na huɗu zazzaɓi ya kayar da Hansai. Ruwa kuwa tun asuba yake zuba ba ƙaƙƙautawa. Jaririyar ta saki nono, ta daina kuka, jikinta ya yi sanyi kamar randa. Inna Asabe, uwar Hansai, ta aika aka kira Malama Indo, ma'aikaciyar jinya da ke bayan gidansu, aka kuma kira Maikano.

Indo ta taɓa ƙafar jaririyar ta girgiza kai. "Kafin ruwan nan ya tsagaita a kai su asibiti, ɗumin mutum take buƙata, fata da fata. Uwarta rawar ɗari take yi, ba ta iya riƙe ta. Ke kuma Inna, da tarin nan naki ba zan ba ki ita ba." Ta juya ga Maikano da ke tsugune a bakin ƙofa. "Cire rigarka."

"Malama," ya ce ƙasa-ƙasa, "ta fari ce fa. A gidan surukai kuma."

"Na sani. Kunyar ce za ta ɗumama ta?"

Inna Asabe ta tuna tana da tukunya a kan murhu, ta fice da sauri. Ba tukunyar komai, mutunci ne kawai.

Maikano ya tuɓe riga yana kallon bango. Indo ta kwantar masa da jaririyar a ƙirji, ta ɗaure su da zanen Hansai. Ya sandare, numfashi ma a hankali yake ja, shi da ke ɗaga kwandon jiƙaƙƙen yashi da hannu ɗaya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da kwalekwale ya kife da shi a kogi.

Can sai ƙamshin kanta ya taso masa. Kafaɗunsa suka sauka, hannunsa ya je bayanta shi kaɗai ba tare da an aike shi ba. Ya ji hawaye na bin gemunsa.

"Malama, wani abu na damuna. Ko zazzaɓin ne ya kama ni?"

Indo ta yi dariya. "Lafiyarka ƙalau. Akwai sinadarin da jikin uwa ke fitarwa in ta rungumi ɗanta, shi ke sa zuciya ta yi laushi. Ku ma maza kuna da shi a jini, ba kwa ba shi dama ne kawai."

Bai gane zancen sinadari ba. Abin da ya gane shi ne yana son 'yar nan, so mai ciwo, kuma in ta tafi shi ma ba zai sake moruwa ba. Ya sunkuya yana yi mata waƙar da suke yi wajen tuƙin kwalekwale, da muryarsa mai kama da ta tsohon inji.

Wajen azahar ƙafafunta suka yi ɗumi. Ta motsa kai, ta buɗe baki tana lalube a gashin ƙirjinsa, ba ta sami komai ba, sai ta tsandara kuka.

Maikano, wanda shekara biyu bai taɓa ɗaga murya a gidan nan ba, ya ƙwala kira har maƙwabta suka ji.

"Inna! Inna, ku tashi Hansai! 'Yata na neman nono, ni kuwa ba ni da shi!"