Attahir Ya Huta

A shekarar da damina ta ƙi Damargu, ta tamanin da huɗu, Hamidu ya samo wa hannunsa abin yi. Ya taɓa ɗinki ya bari, ya taɓa bin mota ya bari, lakwal ma tun aji biyar ya yi mata sallama. Abu ɗaya ya riƙe shi. Kowace ranar kasuwar Tanut yakan yage takarda biyu daga kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, ya rubuta labarin waɗanda yunwa ta watsa, wane an gan shi a Damagaram, wance ta haihu a Falanko, sai ya manna a ƙofar shagon Ila mai gishiri. Ila ya yi yaƙi da jahilci, shi ke karanta wa jama'a da ƙarfi.

Abin da ke ci wa Hamidu rai shi ne, da zarar mutum ya ji sunan nasa sai ya juya ya tafi.

"Rubutunka kamar tuwo ba miya, ɗan lakwal," in ji Ila. "Wane ya zo, wane ya tafi. Ko jakina zai iya."

Maganar ta zauna masa. Ya shiga yi wa rubutun ado. Yakan rubuta layi ɗaya sau biyar, ya soke, ya sake, ya karanta wa kansa a bayan gida har sai ya ji kalmomin suna tafiya kamar waƙa. Mutane kuwa suka fara tsayawa har ƙarshe. Wata tsohuwa ma ta sa aka maimaita mata.

Ana haka sai Rissa, direban kamiyon da ke kai hatsi arewa, ya tare shi a tasha.

"Kai, mai takarda. Attahir makiyayi, mijin Fadimata da ke zaune da ƴaƴanta bayan gari, ya mutu a wata rijiya gabas da Tenhiya. Ni ba zan iya kallon idonta ba. Ka sa a takardarka."

Hamidu ya wuni yana juya labarin. Ya rubuta "ya mutu", ya ga kalmar ta yi tsirara a tsakiyar shafi. Ya soke ta. Abin da ya manna ranar kasuwa shi ne: "Attahir, makiyayi ɗan makiyaya, wanda ya ratsa daji da sauran raƙumansa ƙarƙashin rana mai narka dutse, ya isa rijiya gabas da Tenhiya. Can ya sauke kayansa, ya ajiye sandarsa, ya huta." Da ya karanta wa kansa har tsigar jikinsa ta tashi. Bai tsaya jin karatun Ila ba, ya bi wasu baƙi da suka zo daga Belbeji yana neman labarin mako mai zuwa.

Washegari da hantsi ya leƙo shagon yana jiran yabo.

"Yanzu ka fara rubutu!" in ji Ila. "Ka ga matar Attahir jiya? Sai da ta yi guɗa. Wata uku ba ta ji ɗuriyarsa ba. Ta ce tun da ya sami ruwa ya zauna, yau za ta ɗaura wa jaki kaya ta bi shi da yaran."

Hamidu ya dafa buhun gishiri.

"Baba Ila, mutumin ya rasu."

"Wa ya rasu?"

"Attahir. Abin da na rubuta ke nan."

Ila ya fizge takardar daga ƙofa, ya kai ta kusa da hancinsa, ya bi ta da yatsa.

"Nuna mini inda ka rubuta. Nuna mini! Ni Bahaushe ɗan Bahaushe ban gane ba, balle ita da ta koyi Hausa wajen sayar da cuku? Kwana nawa ne tafiyar, da yara biyu, cikin wannan zafi, rijiyoyin hanya duk sun ƙafe? Tsaye kake?"

Hamidu ya zuba da gudu. A bayan gari, inda makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka kakkafa bukkokin tabarma, aka ce masa ta tashi tun da sassafe. Ya bi sawun jaki cikin rairayi, takalminsa ɗaya ya tsinke ya bar shi nan. Ko'ina mushen shanu, fata ta bushe a kan ƙashi. Sai da rana ta kusa tsakiya ya hango su ƙarƙashin wata aduwa: jaki, salkar ruwa ɗaya, yarinya a zaune, ƙaramin a goye.

Fadimata ta gane shi, fuskarta ta washe.

"Malam mai takarda! Allah ya biya ka. Wani saƙon ne?"

"Yaya, ai ita duniya, kowane matafiyi da inda..." Ya ji bakinsa ya sake kama hanyar jiya. Ya tsaya, yana haki.

Ta dube shi tun daga ƙafarsa marar takalmi har fuska. Murmushin ya tafi a hankali.

"Malam, Hausata gajera ce. Faɗa mini gajere."

"Attahir ya mutu."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan rairayi, ta kwance goyon ta rungume shi a gaba. Yarinyar tana kallon bakin uwarta.

"Wace rana?" Fadimata ta tambaya.

"Na'am?"

"Wace rana ya mutu? Daga ranar zan ƙirga takaba. Wa ya yi masa wanka? An sa shi a ƙasa, ko yana nan a fili kamar waɗannan?" Ta nuna mushen da ke gefen hanya da haɓa.

Yini guda Hamidu ya yi yana zaɓen kalmomi, amma ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan bai yi wa Rissa ba.

Shi ya ja jakin suka koma, ita a baya. Da ya sauke su ya wuce tasha kai tsaye. Aka ce kamiyon Rissa ya tashi Agadas da safe, sai bayan mako biyu, in hanya ta yi kyau.

Ya zauna a bakin shagon Ila, ƙafarsa tana jini, ya yage sabuwar takarda. "Attahir mijin Fadimata ya mutu a rijiya gabas da Tenhiya, ranar", sai ya bar fili mai faɗin yatsa uku. A ƙasa ya ƙara: "Wanda ya san ranar, ko ya ga inda aka binne shi, ya zo ya faɗa."

Ila ya karanta, ya miƙo masa ƙusa.

"Kafa ta ƙasa-ƙasa," ya ce, "inda kowa zai ga filin."