Waɗanda Aka Tsayar a Kan Farce

Ranar Talata na zo rage wa jakina Duna kofato, wuƙa ta zarce ta shiga nama. Shekara tara Duna yana kwaso mini yashi daga rafi, yanzu ga shi a ƙafa uku. Ni ba na riƙon abin da ba ya aiki. Na aika wa Ɗanlami mai sayen fatar jakuna ya zo da safe ya ja shi. To jiyan nan da na kwanta, sai na yi wani mafarki.

Na gan ni a bakin rafinmu, amma yashi ne ke gudu, ruwa kuma an tara shi tsibi-tsibi a gefe. Sawu na tafiya a ƙasa su kaɗai, sai daga baya dabba ta zo ta taka cikin nata. Na duba gabana, ni ko ɗaya ba ni da shi.

Sai ga ni a ofis. Wata tsohuwar akuya na zaune bayan tebur, duk takardar da aka miƙo mata sai ta cinye ta ce an adana.

Ta ce, "Malam Jatau, kai mai kofato ne?"

"Ni mutum ne, Hajiya."

"Ba shi na tambaya ba. Cire takalmi."

Na cire. Ta leƙo ta yi tsaki. "Yatsu biyar-biyar, duk a kwance kamar ragwaye. Ka ma san abin da ake nufi da mai kofato?"

Na ce, "Mai ƙafa mai tauri mana. Wadda ake farfesu da ita."

Ta daina tauna. Ta ce, "Mai kofato shi ne wanda aka tsayar a kan farcensa. Kai da tafin ƙafa kake taka ƙasa. Mu a ɗage muke tun ranar da aka haife mu, ba mu taɓa sauka ba."

Kawai sai ga fili, dabbobi sun yi sahu har inda ido ya ƙare, kowa ya ɗaga ƙafa ɗaya ina gani. Sa da rago da barewa, farce biyu-biyu. Karkanda uku. Dorina ta ɓullo daga cikin yashi da nata huɗu, duk wannan uban jiki a kansu. Raƙumi ya ce, "Kada ka dube ni haka, tafina ne mai laushi. Ga farcen nan biyu a gaba, an rubuta ni." Raƙumin dawa kuwa ƙafafunsa kawai nake gani, kansa na cikin gajimare.

Suka sauke ƙafa lokaci ɗaya. Na ji shi har cikin haƙorana. Sau biyu ramin yashi na rufta mini ban yi salati da ƙarfi ba, amma a nan sai na tsinci kaina a durƙushe.

Can ƙarshen sahu masu farce ɗaya ne: doki, alfadari, jakin dawa. Sai Duna. Sawu uku ne a gabansa, wurin na huɗun ɗigon jini.

"Sannu maigida," in ji shi.

"Duna, ashe kana magana?"

"Shekara tara ina yi. Kai ne sanda kawai kake ji."

Raƙumin dawa ya fara sauko da wuya, tun azahar sai la'asar kansa ya iso. Ya ce, "Ka san a kan me yake ɗaukar mangalarka? Yatsa ɗaya a kowace ƙafa, na tsakiya. Tashi ka gwada."

Yatsuna suka shige ciki, na tsakiyan ya kumbura, farcen ya naɗe shi. Aka aza mini mangalar jiƙaƙƙen yashi. Na miƙe. Wallahi ban faɗi ba. Sawuna suka fito gabana, ƙanana, masu kyau, na bi su taku ɗaya, taku biyu, ina jin duk nauyin duniya ya taru wuri ɗaya kuma farcen ya riƙe. Ban taɓa sanin an yi abu mai ƙarfi haka ba.

Sai ga akuyar nan da wuƙata a baki. Ta ce, "Kawo ƙafar. Ɗan kaɗan za a rage." Abin da na faɗa ke nan ranar Talata.

Duna ya ce, "Bar shi, Hajiya. Ya ɗauka kofato itace ne."

Ta ce, "To kai fa? An aika wa mai fata."

Duna ya dube ni. Ya ce, "Farce zai fito in an jira shi, maigida. Fatar ce ba ni da wata."

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji ana bugun ƙofar kwano, gwaram-gwaram. Na farka, Ɗanlami ne da igiya a kafaɗa.

"Jatau, ina jakin?"

Na ce ya koma da igiyarsa.

Yau kwano goma sha ɗaya na yashi na ɗauko a ka daga rafi. Wuyana ba ya juyawa. Duna na inuwa, ƙafa ɗaure da tsumma, yana cin harawa yana kallona.