Rungumar Kafaɗar Hagu

A cocin su Ernestine Gholston da ke Memphis, ba a tashi sujadar Lahadi sai an rungumi juna. Runguma ta gaske, wadda za a matse mace har hularta ta karkace, a bar mata hoda a wuyan riga. Da can Ernestine ta fi kowa iyawa. Amma shekara biyu ke nan kafaɗar hagu kawai take miƙawa, ta ɗan bubbuga bayan mutum, ta zame. Matan cocin suka ce girman kai ne ya shige ta tun da ta yi ritaya. Su dai ba su taɓa rasa abin faɗi ba.

Gaskiyar maganar tana ƙugunta na dama, a ƙarƙashin riga: wata 'yar bindiga da ba ta fi tafin hannu ba. Bayan rasuwar mijinta wasu samari suka ɓalle mata ƙofa da rana tsaka, suka kwantar da ita a ƙasan kicin, suka kwashi abin da suka kwasa. Daga ranar ko bakin titi ta taka sai tsoro ya kama ta. Ta je ta koyi harbi, ta karɓi lasisin yawo da bindiga a ɓoye. Mai koyarwar ya ja musu kunne, ya ce hannun mai runguma shi ne ya fi saurin tona asiri.

Ba don kowa take ɓoyewa ba sai don Odessa Pettway, ƙawarta tun firamare, kuma mutum ɗaya da ta rage mata mai ƙwanƙwasa ƙofa ba sai an gayyace ta ba. An harbe ɗan Odessa, Darnell, a gidan mai. A wajen jana'izarsa ta rantse ba ita ba duk mai riƙe bindiga, ko da fasto ne. Odessa kuwa in ta rantse, an gama.

Sai wata jaridar garin ta ce haƙƙin jama'a ne su san masu lasisi, ta zuba sunayen a intanet, har da unguwannin. Jama'ar kuwa me suka yi da haƙƙin nasu? A shagon gyaran gashi aka zauna ana latsa sunayen maƙwabta a waya ana shewa. Ernestine ta ji labari, ta kwashe mako tana zaune ita kaɗai a falo, wayarta ko tari ba ta yi ba. Tsoro ya ishe ta, kaɗaici ya fi shi.

Ranar Lahadi, ana tashi, ta nufi motarta da sauri. Odessa na jingine da ƙofar motar, ta rungume jaka.

"Ina za ki da gudu haka, Tine? Kin bar tukunya a wuta ne?"

"Ƙafata ce ke ciwo."

"Ƙafarki. Ke da ko ƙaryar kirki ba ki iya ba tun muna yara." Odessa ta kalli ƙugun ƙawarta. "Tana nan yanzu? A gidan Ubangiji?"

Ernestine ta ɗaga kai alamar eh.

"Gholston nawa ne a unguwarku, da zan ce wata ce? Ina zaune a shagon gyaran gashi an sa mini kai a ruwa, wata 'yar ficiciya ta karanto sunanki, kowa ya juyo yana kallona."

"Dessa, ba ki ga abin da suka yi mini ba ne."

"Na gani mana. Wa ya wanke miki kicin ɗin?" in ji Odessa. "Kin san me na ɗauka duk tsawon nan? Na ɗauka ni ce. Na ce kin gaji da kukana, kin gaji da zancen Darnell. Har turare na canza, Tine, wai ko wari nake yi."

Wannan maganar ta fi zagi zafi. Ernestine ta tsaya kamar wadda aka dasa, hawaye na bin hodar fuskarta.

Odessa ta ajiye jakarta a kan mota, ta ware hannuwa biyu. "Na yi rantsuwa, ba zan karya ta ba. Amma ban rantse a kanki ba. Cire ta, ki kai wa 'yan sanda, ko ki jefa a kogi, ba ruwana. Ce kin rabu da ita kawai, ki zo nan."

Ernestine ta kai hannu ƙugu. Ta so ta ce to, Allah ya sani ta so. Amma sai ta hango kanta ta isa gida, tana laluben makulli a bakin ƙofa, bayanta a buɗe ga titi, ƙugunta wayam. Hannun ya zauna a inda yake, ya ƙi motsi.

Odessa ta jira har hannuwanta suka gaji, sannan ta sauke su a hankali. Ta ɗauki jakarta, ta matsa daga jikin ƙofar motar.

"To," in ji ta. "Allah ya tsare ki, Misis Gholston."