Inda Aka Ɓoye Garin Auta

Tela bai iya kwamfuta ba, tsoronta kawai ya iya. Amma tun da ciwo ya shanye wa autarsa hannun dama, tsohuwar kwamfutar da yayanta ya bari ta zama ita ce abin da ke tayar da yarinyar daga katifa. Akwai wani wasa na gina gari a ciki. Da hannun hagu Auta ta shimfiɗa tituna, ta ɗora gadoji, ta yi asibiti mai lambu, har da shagon ɗinki mai bene da ta ce na Baba ne. Kafin yayan ya tafi neman aiki, shi ya zauna ya mayar mata da maɓallan wasan duka ɓangaren hagu, daidai inda yatsunta ke kaiwa.

Sai kwamfutar ta fara nauyi, tana ɗaukewa ana tsakiyar wasa. Tela ya shiga damuwa, ko abinci ba ya masa daɗi. Ranar da uwar ta kai Auta asibiti gashin hannu, ya ce bari ya yi mata bazata, ya kai kwamfutar gyara.

Ya san gyara na tafiya da kaya, don haka ya yi shiri. Ya ɗauko filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, wanda yake zuba hotunan ɗinki a ciki, ya lalubo jakar da ke ɗauke da sunan wasan a cikin kwamfutar, ya kwafe ta kaf, yana gumi. A shagonsa, kayan kowa da awonsa da ragowar yadinsa leda ɗaya suke shiga. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mai sana'ar da ke yin saɓanin haka ba.

Mai gyara yana zaune cikin tarin wayoyi da matattun madannai, fanka na kaɗa masa ƙura.

"Baba Tela, wanke ta zan yi tas fa. Akwai abin da za a ajiye?"

"Ai na riga ka," in ji Tela, yana ɗaga filas. "Ka ɗauka mu ƙauyawa ne?"

"A'a, ashe da injiniya nake magana! To, bismilla."

Da yamma ya ajiye kwamfutar a gaban Auta, ya ja baya yana murmushi. Ta kunna, wasan ya buɗe nan take. Sai ga fili fetal, ciyawa da kogi, da rubutu yana tambayar sunan sabon gari. Ta danna inda ta saba dannawa. Ba abin da ya motsa.

"Baba, ina garina?"

Ko hula bai saka ba ya koma. Mai gyara ya duba filas ɗin, ya sosa ƙeya.

"Wasan ka kwafo, Baba, ba abin da ta gina ba. Wannan can yake ɓoye shi, cikin wata jaka da ko gani ba a yi sai an tono. Saitin maɓallan kuma wani lungun daban."

"Don me?"

"Haka masu ƙera wasannin suka ga dama. Wani ya ajiye kusa da wasan, wani cikin takardu, wani a intanet. Kowa da inda yake cusa nasa."

"Yanzu ni in ɗinka wa mutum riga, in kai hannun gidan maƙwabci, in yi shiru? Wane irin rashin imani ne wannan? Su rubuta mana a fili, su ce ga inda wahalarki take!"

"Da ka ce min wasa ne, da na nemo. Ka ce ka riga ni."

"Ba ya dawowa?"

"Na riga na zuba sabo a kai, Baba. Ka yi haƙuri."

Tela ya tsaya a bakin titi, masu babur na ta yi masa hon. Ya kira yayan a waya. Yaron ya ce yana bakin aiki, kuma gaskiya ya manta yadda ya jera maɓallan, sai dai in ya zo. Bai ce yaushe ba.

A gida, uwar ta tare shi a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Wa ya aike ka, don Allah? Ko tambayarta ba ka yi ba."

Ya wuce ta. Ya shiga ya durƙusa gefen katifar.

"Auta, mu sake ginawa. Ke ki faɗa, ni in danna. Wallahi ko shago zan rufe."

Ta dube shi, idonta a bushe. Da kuka ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ta yi sauri yanzu, Baba. An gode."

Ta rufe murfin da hannun hagu, ta tura kwamfutar da ƙafa har bakin ƙofa.

"Mama, a ba yaran maƙwabta. Su suna da hannu biyu."